Karan awon Inna Hajo

Har yau akwai masu cewa Inna Hajo mayya ta, shi yas sa nike rubuta wanga, don ni ina cikin waɗanda tay yanke ma kara kuma ga ni zaune da ɗiyata bisa cinya tana jan mani waya. Sunana Basira, ƙauyenmu yana bayan Sifawa in ka saki kwalta ka bi ta gonakin albasa, mijina Sharhabilu nan shike noma, ni niz zaɓe shi da kaina.

Inna Hajo ita ka wanke gawar mata. Tun ban san kaina ba haka nis same ta, 'yar guntuwar tsohuwa siririya, hannuwanta dut sun yamutse kamar wadda taw wuni cikin ruwa, kuma kullum ƙamshin sabulu da turare take ko da daga gona take. A ruga anka haihe ta can wajen Kajiji, ta tashi tana kai nono kasuwar Shagari, nan wani manomin ƙauyenmu yag gan ta ya aure ta. Uwar mijinta ita ka wankan gawa lokacin, wata rana tar rasa mai zuba mata ruwa dut matan gida sun ɓoye, sai amarya tad ɗauki buta tash shiga, shi ke nan. Tsohuwar tar rasu aikin yak koma hannunta, mijin ma yar rasu, ɗiyarta guda da tar rayu Nana Aisha ita ma tat tahi tun kahin a haihe ni, tab bar ta ita kaɗai cikin ɗaki guda gehen gari.

Daga nan har rugagen Kajiji in mace ta rasu ita aka kira don tana jin Hausa tana jin Hillanci. Ba maigidan da ka tsaida ta a zaure shi ce daga ina, wa za shi tsaida ta. Amma ba a kiranta biki ba a kiranta suna, in an kai mata tuwo ana cewa ta riƙe kwanon, mu kau da muna ƙanana in munka hango ta sai gudu.

Ga yadda take aikinta, dole ku san wanga in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. In ta shiga ɗakin mamaciya sai ta ja ƙyaure, ta zaro karan dawa mai tsawo ta aza shi gehen gawa daga kai har ƙahwa, ta yanke da 'yar wuƙarta. Sai ta zo bakin zaure, ba ta hitowa, hannu kaɗai take miƙowa da karan, mijin ko uban shi karɓa, maza su tahi su gina kushewa daidai tsawon shi. In an ruhe a bar karan bisa. Dut namijin da yat taɓa rasa mace a yankin ga ya san hannun nan da ka hitowa daga labule.

To bara bayan an kai amfanin gona gida sai ga hwarar mota ƙohwar maigari, masu binciken magani daga Sakkwato, wani Likita Maniru da wata nas Mufida. Anka tara liman da Ardo Ubaidullahi na rugagen Kajiji da dattawa, mu mata muna bayan zana muna ji, ni lokacin cikina ya hito.

Likita yac ce, “Allah shi daɗe da ran maigari, kunya tak kawo mu. Akwai ƙwayar da muke son mu gano ko tana rage jijjigar masu ciki, wadda mace ka kumbura ta hwaɗi tana karkarwa. Mun hwara a Bodinga, da munka duba waɗanda sunka shigo dut matan bakin kwalta na. Ba ta ƙauye ko guda, ba ta ruga. In munka gama haka za mu ce mun san maganin, alhali ga matanku ba mu san komi ba.”

Ardo yac ce, “A'a likita, yau wa yat tuna maku da mu? Ko motar ta ɓata hanya?”

Anka yi dariya. Liman yac ce shi sharaɗinshi ba tilas, kuma wadda tash shiga in ta ga dama ta hita, likita yac ce haka dokar aikin take. Sunka yarda za su riƙa zama tare, su da liman da ardo da maigari, ba abin da za a yi sai an ji bakin kowa. Sai maigari yac ce to saura mace, wace ta ka shiga gidan Bahaushe ta shiga bukkar Bahillace ba a hana ta? Walle dut mun san amsa.

Ardo yac ce, “Kun san ta mana, tsoron hwaɗin sunanta kuke.”

Anka kira Inna Hajo taz zo tad durƙusa nesa kamar yadda tas saba. Tac ce, “Likita, maganin ga yana hana jijjigar?”

Yac ce, “Ba mu sani ba Inna, shi muke son ganowa. Wata za ta sha shi wata ta sha mai kama da shi, mu kanmu ba mu san wace ba sai an gama. Amma kowace za a riƙa duba mata jini.”

Tad dubi hannuwanta tac ce, “To zan yi. Na gaji da ganinsu kwance, bari in gan su tsaye.”

Aikinta kawai ta bi gida gida ta yi bayani, ta ji wa tay yarda wa taƙ ƙi, ran da mota za ta dawo a san inda za a tahi. Sun kai ta Bodinga tag ga yadda ake yi, tag ga ana tsaida mace jikin bango a auna tsawonta kahin komi. Da tah hwara yawo sai maza sunka riƙa ce mata su ba wanda za shi tsaida masu mata jikin bango gaban ƙato. Ita kau ba ta hwaɗa ma kowa ba, tac ce a ranta ai wanga mai sauƙi na, in tsawo suke so ni zan kai masu tsawon. Wanda yay yi shekara da shekaru yana auna mata da abu guda, da mi kuke zato za ta auna?

Ran da taz zo gidanmu da hantsi na, surukata Iya Mariya tana tankaɗe, tad ɗaga kai tag gan ta tsakar gida da kara a hannu, rariyar tah hwaɗi garin yaw watse.

“Innalillahi! Hajo wa? Wa yar rasu?”

“Ba kowa Mariya, kwashe garinki kaji na ci. Rayayya niz zo nema yau. Ina angona?”

Haka take kiran Sharhabilu don da kakarshi sunka yi ƙuruciyar aure. Yah hito yana dariyar dole yac ce, “Tsohuwa ni na sake ki tun bara, mi kuma?” Taz zauna tay yi mamu bayani dut, har da cewa ba a san ko maganin yana yi ba, tat tambaye ni ni kaina ba shi ba, nic ce na yarda, shi ma yac ce ba laihi tunda za a riƙa duba ni. Sai tac ce tashi tsaye. Ta aza karan a bayana, taɗ ɗora hannunta bisa kaina, sanyi ƙalau kamar randa, nij ji wuƙa ta bi karan ƙeƙet daidai saman kaina.

“Guntuwa,” tac ce, “ke ko rabin kara ya ishe ki.”

Tat tambayi tsohon zane, nib ba ta wani shuɗi da nike goge hannu, tay yagi bakinshi taɗ ɗaura ma karan don ba ta rubutu, da shi za ta gane nawa. Munka yi dariya dut. Amma da tah hita sai Iya taɗ ɗauki tsintsiya tas share wurin da nit tsaya har sai da ƙasa tac canza launi.

Haka tay yi ta bi, ƙauyenmu da na kusa, tah hau kabu-kabu har rugagen Kajiji, tana dawowa da kara ɗaure a baya kamar mai itace. Mutane na gani suna kau da kai. Da haka abin yat tsaya da ba komi.

Sai Mu'minat. Mu'minat ƙanwar matar ardo ta, tana da tsohon ciki, ita ma ta yarda an yanke mata kara. Motar ba ta kai ga dawowa ba, ko ƙwaya guda ba ta sha ba, ina son ku riƙe wanga don har yau wasu na cewa magani yak kashe ta. Da rana tsaka tana dama hura tah hwaɗi tana jijjiga, kahin a samo mashin rai ya yi halinshi, ita da abin cikinta. Anka aiko ma Inna Hajo.

Ita kau tac ce a ranta hanya da nisa, rana tana yi, kar a bar baiwar Allah tana jira, tunda ga awonta nan a ɗaki. Taɗ ɗauko karan Mu'minat tat tahi da shi. Tana sauka bisa mashin, ba ta shiga bukka ba, ba ta ga gawa ba, tam miƙa ma mijin kara tac ce ku hwara gini. Mai mashin ɗin da yak kai ta yac ce mijin ya daɗe tsaye yana kallon ƙyallen zanen matarshi ɗaure a kai yana kaɗawa. Sunka tahi sunka gina. Da anka kawo Mu'minat kushewar tay yi mata cip kamar tela yay yanka.

Kahin la'asar labari ya kai Shagari ya dawo Bodinga. Hajo tana auna rayayyu. Hajo ta haɗa baki da masu hwarar mota. Dut wadda anka yanke ma kara tana cikin layi, Mu'minat ta hwarko. Ardo ya aiko yac ce kar motar ta kuskura ta shigo masu, gidaje sunka ruhe, karo na hwarko a rayuwarta anka tsaida Inna Hajo a zaure anka ce koma.

Sharhabilu yas shigo idonshi ja yac ce, “Ba ke ba su. Ba asibiti ba awo ba komi, kuma karan ga sai na karɓo shi na ƙone.”

Iya tac ce, “Kar ka ƙone! Ka san abin da za shi same ta in ka ƙone?”

“To in karya?”

“Kai yaron ga kana da hankali kuwa?”

Ba a ƙonewa ba a karyawa ba a bari, haka munka zauna kowa na kallona kamar zan hwaɗi. Kuma gaskiya ni ba ni da lahiya, ban dai hwaɗa ba. Ƙahwahuna sun kumbura takalmi ba ya shiga, kaina na sara kamar ana daka a ciki, in na tashi sai in ga wasu 'yan wuta wuta suna yawo gaban idona. Zoben azurhwata ya nutse cikin yatsa. Nic ce a raina shi ke nan karan ya hwara aiki. Iya tana ta jiƙa mani saiwa tana turara ni.

Wata rana bayan azahar Sharhabilu yana hwadama yana ba albasa ruwa, Iya ta kishingiɗa, nis sa hijabi nis sulale. Niyyata in ɗauko karana in ɓoye ƙarƙashin gadona inda ba mai taɓa shi. Gari shiru, rana ƙwal, ko akuya ba ta motsi, ina tahiya ina jin numhwashina kamar wani na bina a baya. Ɗakinta a buɗe, nil leƙa ba kowa, nis shiga.

Da idona yas saba da duhun ɗakin sai nig gan su. Jere jikin bango tun daga ƙohwa har ƙurya, a tsaye, wani dogo wani gajere, kowane da ƙyallenshi a kai kamar ɗan kallabi. Ba iska a ɗakin amma ƙyallayen suna motsi a hankali. Na gane su. Ga jan atamhwar Amina matar mai shayi, ga ruwan ɗorawa na maƙwabciyarmu, ga baƙin saƙi na matan ruga, kamar dut mun taru muna jiran a tada salla. Tsakiya akwai gurbi guda wanda ba kowa, na san na wa na. Kusa da gurbin, daf da shi, ga shuɗina.

Can ƙurya kuma akwai wani guda shi kaɗai, ya hi kowa gajarta, ba ƙyalle.

“Wancan nawa na.”

Walle saura kaɗan in saki hitsari. Tana zaune bayan ƙyaure bisa buzu da tazbi tun ɗazu, ni ban gan ta ba.

Tac ce, “Ran da niz zo tahiya wa za shi auna ni? Dut gudu za ku yi. Shi yas sa nike yanke abina kowace kaka in gara ta ci na bara. Kuma kullum raguwa shike, kin gani. Zauna Guntuwa, karanki kika zo sata?”

Nic ce, “Inna don Allah ki ba ni, ki cire ni cikin layin.”

“Wane layi?”

Nih hwaɗa mata abin da ake cewa. Ashe ita ba ta sani ba, ba mai zama da ita bare ta ji, ta zaci don makoki ake maida ta. Tad dubi karan nan dut tad dube ni. Can tac ce, “Ni da sahe nike bin su guda guda ina roƙa masu sauka lahiya. Ashe haka kuke gani.” Sai tat tashi taz zo kusa tana ƙare mani kallo, taj ja ni bakin ƙohwa inda haske shike, tak kama hannuna tal latsa, wurin yal lotsa bai taso ba.

Muryarta tac canza. “Tun yaushe zoben ga yan nutse?”

Nic ce an kwana biyu.

“Kai na ciwo? Kina ganin wuta wuta?”

Nic ce e, wa yah hwaɗa maki.

“Ba wanda yah hwaɗa mani. Na san huskar ga. Na sha wanke ta. Ni ka cire zobban nan da sabulu in ba uwayensu. Haka Nana Aishata tay yi, haka Mu'minat. Ita na je na tarar ta yi kyau ta cika, nic ce a jira mota. Ke ba za a jira ba.”

Ba ta ruhe baki ba sai ga ƙarar mashin, Sharhabilu, Iya ta tashi ba ta gan ni ba ta aika mashi. Yat tsaya waje da laka har gwiwa, ya ƙi matsowa kusa da ƙohwa, yana kira, “Basira! Hito! Hito nic ce!” Mutane sun hwara taruwa daga nesa.

Inna Hajo tac ce daga ciki, “Angona, ka kai ta Bodinga yanzu yanzu, ba gobe ba.”

“Ni ba angonki ba na! Ki kai ta ga mutanenki su ƙarasa ta? Gida za ta.”

“Gida za ta?”

“Gida.”

Tak koma ciki taz zaro shuɗina daga cikin jeren, ina tsaye ina kallo, tas saki labulen ƙohwa yar ruhe mu ni da ita. Sannan tam miƙa hannu waje, hannun kaɗai, da karan.

Nij ji wata mata ta yi salati can baya. Ta ɗan tsagin labule nike ganin Sharhabilu, ya ja baya har yab buge mashin ɗinshi, don shi yak karɓi karan ƙanwarshi daga hannun nan shekarun baya.

Tac ce, “Karɓi. In gida za ta, za ka karɓe shi ga hannuna yau ko jibi. To karɓi yanzu ka hutar da ni tahiya, ƙahwahuna sun tsuhwa.”

Sharhabilu yac ce, “Inna ki bari.”

“Karɓi mana. Ba shi kake nema ba?”

Hannun yana nan miƙe da karan. Ban san tsawon lokacin da munka ɗauka haka ba, ni dai 'yan wutar nan sun cika mani ido. Sai nij ji ya buga mashin, bai tashi ba, yas sake bugawa yat tashi, yac ce da wata murya da ban san shi da ita ba, “Ku hito mu tahi.”

Mu ukku bisa mashin, ni tsakiya, Inna Hajo a baya ta rungume ni da hannu guda, ɗayan yana riƙe da karan a tsaye don ta ƙi bari nai. Haka munka ratsa gari. Maza na tashi tsaye daga rumhwa suna cire hula suna mayarwa, wani ma ya hwara bin mu a ƙasa ya zaci jana'iza ta. Ni ina jin sanyin hannunta bisa cikina da ƙamshin sabulun nan cikin hancina, nic ce a raina ko dai na riga na tahi na ban sani ba.

A Bodinga munka iske nas Mufida. Taɗ ɗaura mani abin awon jini a hannu, tad duba, tas sake ɗaurawa, sai tah hita da gudu. Sunka yi mani allura mai zahi wadda nij ji jikina ya ɗau wuta. Likita Maniru yac ce ma Sharhabilu wagga ba ta shiga bincike, ta wuce nan, wagga magani za a yi mata yanzu, Sakkwato za a kai ta. Kun ji, ni da anka yi dut rigimar ga a kaina ko ƙwaya guda ban sha ba.

Muna jiran motar asibiti sai Mufida tal lura da karan tac ce, “Inna wanga hwa?”

“Tsawonta na, na kawo maku. Sauran suna gida.”

“Sauran?”

Inna Hajo tay yi mata bayani. Mufida taz zauna bisa benci a hankali tar ruhe baki da hannu, ita ma ta san karan, uwarta 'yar ƙauye ta. Tac ce, “Inna ai da kin tambaye mu. Mu dole da kanmu za mu auna, ko kin kawo ba za mu iya aiki da shi ba. Mu ma da laihinmu, mun tura ki ba mu zauna mun ji yadda za ki yi ba.”

Inna Hajo tad dubi karan tac ce, “Ashe a banza nit tsorata mutane.”

A Sakkwato anka yi mani aiki anka ciro ɗiyata ba ta kai ba, 'yar mitsitsiya kamar ɗan tsako, mun daɗe can. Zoben sai yanke shi anka yi. Sai da munka dawo gida anka yi taron suna, ran nan Sharhabilu da ƙahwarshi yat tahi yak kira Inna Hajo, taz zo taz zauna bakin ƙohwa, mata na matsawa, Iya Mariya tak kai mata tuwo tac ce in kin gama ki maido mani kwanona. Tsohuwar tad daɗe tana kallon kwanon.

Likita da liman da ardo da maigari sun sake zama, liman yay yi magana a masallaci, anka shirya cewa Mufida da wata nas su riƙa bin Inna Hajo gida gida, mace ta auna mace a ɗakinta, a duba jini tun ranar hwarko ba sai an jira komi ba, kuma ba kara. Matan ƙauyenmu da yawa sun shiga, Amina ma ta shiga ta haihu. Ruga kam sai da anka yi ta kai da kawo sannan ardo yab bari, kuma gidan su Mu'minat har yau ba su buɗe ba, ba na ganin laihinsu. Ko maganin yana yi ko ba ya yi ba a gama ba tukuna, Likita Maniru har yanzu cewa shike ba mu sani ba.

An ce kowace ta je ta karɓi karanta. Wasu sun karɓa, wasu sun ƙi ko bin hanyar, nasu na nan tsaye jikin bango da 'yan ƙyallayensu, tana bin su da sahe, ta ce ba ta iya zubar da mutane.

Nawa ita tar riƙe. Kwanan baya nit tahi da ɗiyata gaishe ta, nic ce Inna ba ni abina. Tac ce, “Bar shi nan Guntuwa, ai ba ruɓewa shike ba, ko ba daɗe za shi yi amhwani, ki hutar da mai zuwa bayana.” Da gaske take, ba wasa ba, haka take magana. Nic ce to bari in gani, nij jingina ɗiyata nit tsaya jikin bango, ta aza shi a bayana taɗ ɗora hannun nan mai sanyi bisa kaina. Tas sake gyara shi, tac ce sauke dugaduganki, nic ce a ƙasa suke. Kaina ya wuce karan da kamar yatsa guda. Ko ni niƙ ƙara tsawo ko shi yab bushe yam motse, Allah shi yas sani.

Tac ce, “Wanga bai yi maki ba kuma.”

Tak kwance shuɗin ƙyallen tab ba ni, tak karya karan bisa gwiwarta tat tura cikin murhu ƙarƙashin tukunyar kunu. Ni ina tsaye ina jiran in ji wani abu a jikina, ban ji komi ba sai ɗiyata da tah hwara kuka. Niɗ ɗauke ta ina jijjiga ta, ina kallon 'yar wuƙar nan a ƙugun Inna Hajo, ita kau tana hura wuta, ba ta taɓa ta ba.